Daga Tuwon Ƙasa Zuwa Sana'a: Jawabi Ga Matan Asusu A Ƙofar Kaura

Shugaba, magatakarda, masu riƙe da makullan akwati, iyayena mata, yayyena da ƙannena da kuka taso daga ƙauyuka zuwa nan Ƙofar Kaura, sannunku da zuwa. Allah ya ba da ladan tafiya.

Maganarmu ta yau a kan abin da kowaccenmu ta sani ce tun tana yarinya, wato tuwon ƙasa. Wace ce a nan ba ta kwaɓa ƙasa a gwangwani ba, ta tsinko ganye ta ce miya ce, ta rarraba wa ƙawaye? To, a yau akwai manyan mata a duniya da suka riƙe irin wannan wasa a matsayin abin sha'awa. Suna ƙera abinci 'yan mitsi-mitsi, faranti kamar murfin kwalba, a kansa ga abinci kamar a kai baki. Wasu don nishaɗi kawai suke yi, wasu kuma suna samun na cefane. A ƙasar Japan ma sana'a ce babba: tun wajen 1932 ake da kamfanin da ke ƙera abincin gwaji, masu gidajen abinci suna jerawa a bakin ƙofa domin mai saye ya ga abin da za a kawo masa kafin ya biya.

Kada kuma wata ta raina aikin yumɓu. Ku juya takardar naira ashirin, za ku ga mace zaune tana ginin tukunya. Ladi Kwali ke nan, 'yar ƙauye ce, a hannun 'yar uwarta ta koyi ginin tukwane, har aikinta ya kai ta Ingila da Amurka.

Bari mu fara da kayan aiki. Abin da ya fi sauƙi shi ne yumɓu, ko ki ɗebo a bakin rafi ko ki roƙi kaɗan wurin maginan tukwane. Ki jiƙa shi ya kwana, ki tsince tsakuwa, ki daka tsingaro ya yi laushi ki zuba kaɗan, sannan ki cuɗa sosai. Garin tsingaron nan shi ke rage tsagewa. Wasu suna kwaɓa fulawa kofi biyu da gishiri kofi ɗaya da ruwa, yana kuma yin kyau. Amma shawarata a wannan zamani na tsadar abinci, a bar fulawa ta shiga cikin yara. Ga shi kuma kwaɓin gishiri yana tsotsar laima, da damina ta sauka sai ya yi laushi ya lalace.

Sauran kayan duk suna gidanki. Tsinken tsintsiya shi ne abin zane. Murfin kwalbar lemo shi ne faranti. Ki saƙa ɗan faifai da kaba, faɗinsa kamar tafin hannun jariri. Launi kuwa, kurkur yana ba da ɗorawa irin ta dublan, jar ƙasa tana ba da launin ƙosai da ya soyu, farar ƙasa tana yin tuwon shinkafa da fura, garin kuka kuma ya yi miya. Ki dama launin da ruwan ƙaro, shi zai riƙe shi ya kuma ba shi sheƙi kamar alkakin da aka tsamo daga ruwan sukari.

Ki fara da mai sauƙi: curin fura, malmalar tuwo, dunƙulen nakiya. Hannu ya saba, sai ki shiga tandar masa da 'yan ramukanta, sannan alkaki da dublan masu lanƙwasa. In kin gama ginawa, ki shanya a inuwa kwana biyu ko uku. Rana mai zafi tana fasa shi. Sai ya bushe ƙarau za ki tura shi cikin garwashin murhu bayan an sauke tukunya, domin ɗanyen yumɓu yana fashewa a wuta. Ya huce, ki shafa launi.

Na san wata za ta tambaya ko wannan bai shiga hukuncin mutum-mutumi ba. Abin da muke ƙerawa tuwo ne da kwano da tukunya, babu mai rai a ciki. Wadda kuma zuciyarta ba ta kwanta ba, ta tambayi malamin garinsu kafin ta fara.

To, ina amfaninsa? Na farko, hutun zuciya. Mace ta wuni tana surfe da ɗiban ruwa da hidimar yara, in ta sami ɗan lokaci bayan la'asar ta zauna da 'ya'yanta mata suna gini suna dariya, wannan kansa riba ce ko ba a sayar da komai ba. Na biyu, kayan wasan yara, musamman gab da Sallah, lokacin da iyaye ke sayen na roba. Na uku, malaman makarantar firamare da na Islamiyya suna bukatar abin nuna wa yara in ana koyar da ƙirga ko sunayen abinci. Na huɗu kuwa, shi ne wanda na fi so ku riƙe, ku masu yin kayan gara. Uwar amarya ta zo tana tambayar yadda dublan ɗinki yake, ba za ki kunna wuta ki ƙona mai don ki nuna mata ba. Amma in kina da ɗan faifai da kika jera alkaki da nakiya da dublan da cincin na yumɓu, irin fasalin da hannunki ke yi, sai ki miƙa mata ta zaɓa. Gani ya kori ji.

Yanzu ga inda nake so a buɗe kunne da kyau, domin magana ce ta ran yara. Abin nan kama yake da abinci, yaro ƙarami kuwa bai san bambanci ba. Zai jefa a baki, ya maƙale masa a maƙogwaro. Saboda haka duk abin da bai kai girman ƙwan kaza ba, kada a bai wa yaron da bai cika shekara uku ba, kada kuma a bar shi inda mai rarrafe zai kai hannu. Ki manne ƙananan a kan farantinsu da gam, ki kuma gaya wa duk wadda ta saya. Sannan kada ki yi amfani da ragowar fentin ƙofa ko na mota. Wasu irin waɗannan fenti suna ɗauke da dalma, gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 sanadin aikin zinare. Dalma ko kaɗan ce tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Kurkur da jar ƙasa sun ishe mu.

Sai maganar akwati. Wannan tsari namu na asusu, maƙwabtanmu matan yankin Maraɗi ne suka fara shi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, da sunan Mata Masu Dubara. Abin da ya raya shi har ya bazu ƙasashe shi ne amana: wadda ta ci bashi ta biya a kan lokaci. Kuɗin da ke cikin akwatin nan na mai ƙosai ne, na mai ƙuli-ƙuli ne, na wadda ta sayar da kazarta ta zuba. Don haka kada wata ta tashi daga nan da zumuɗi, ranar zama ta ce a ba ta rance za ta buɗe sana'ar kayan wasa. Wannan aiki farkonsa ba ya bukatar rance ko na sisi.

Ga matakin da nake ba ku shawara. Ki yi faifai biyar da kayan gida. Ki kai gidan suna ko gidan biki, ko ki ba mai koli ya gwada miki ranar kasuwa. Ki lura da wanda ya ce "ya yi kyau" da wanda ya zaro kuɗi, domin yabo ba ya biyan bashi. Ki rubuta, ko 'yarki ta rubuta miki, abin da kika kashe da lokacin da aikin ya ci. A ce faifai ɗaya ya cinye miki yamma guda, abin da aka biya ki kuma bai kai ribar da kike samu a suyar awara a yamma guda ba. To, kin ga amsa: ki riƙe shi abin nishaɗi da na nuna wa masu gara, ki ci gaba da awararki. In kuwa kin sayar sau uku a jere, masu saye suna dawowa da kansu, a nan ne za ki zo gaban 'yan uwa da lissafinki a hannu, ki nemi ɗan abin da za ki iya biya daga tsohuwar sana'arki ko da sabuwar ta tsaya.

Mai son kasuwar Sallah kuma ta fara gini tun kafin azumi, ba a fafe gora ranar tafiya.

Aikin da na bar muku kafin zama mai zuwa: kowace ƙungiya ta zaɓi mata biyu masu sha'awa, su gina faifai ɗaya na abincin garinsu, su kawo mu gani, mu gyara wa juna. Wadda ta iya ta koya wa wadda ba ta iya ba.

Allah ya sa albarka a hannuwanmu, ya tsare mana 'ya'yanmu, ya maida kowa gida lafiya.