Abubakar Imam, ɗanmu ne na aji



Idan aka ambaci Alhaji Abubakar Imam, yawancinmu Waziri Aku muke tunawa da labaransa na Magana Jari Ce. Abin da kan sha mana kai shi ne, mutumin nan daga cikinmu ya fito. An haife shi a Kagara a 1911, ya sami horon malanta a Kwalejin Katsina, kuma yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina sa'ad da Rupert East ya shirya gasar ƙagaggun labarai a 1933. Da ƙurar alli a rigarsa ya rubuta Ruwan Bagaja, yana ɗan shekara 22. Yayansa Malam Bello Kagara, mai Ganɗoki, malami ne. Haka Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai Shaihu Umar.

A 1936 aka aro shi zuwa nan Zariya domin ya rubuta wa makarantu littattafan karatu, Magana Jari Ce kuwa daga nan ta samu. Mu lura da wannan: don yara 'yan aji aka yi ta, kuma wanda ya yi ta ya san inda yaro ke gyangyaɗi da inda yake buɗe ido. Shi ya sa ya ɗebo labaran Larabawa da na Turawa, ya sanya musu rigar Hausa har ba a gane baƙi ne.

A 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Tafiyarsa Ingila a 1943 ita ta haifi Tafiya Mabuɗin Ilmi. Ya rasu a 1981, tarihin rayuwarsa da ya bari kuma Abdurrahman Mora ya tsara shi, aka buga da Turanci a Zariya a 1989.

Daga Muchia zuwa Tukur-Tukur, inda Kamfanin Gaskiya yake, ba wata tafiya ba ce. Duk da haka akwai azuzuwanmu da yara ke jin sunan Ruwan Bagaja a bakinmu ba su taɓa riƙe shi ba, sa'an nan mu tambaye su a jarrabawa. Mun san albashi ba ya kai mu ƙarshen wata, wannan kuwa magana ce da ba za mu daina yi wa hukuma ba. Amma muna roƙon reshe ya sa batun nan cikin ajandar zama mai zuwa: kowace makaranta ta ƙirga kwafin littattafan Imam da ke ɗakin karatunta, wakilinta ya zo mana da adadin a rubuce.