Wanda Ya Riƙe Gidan: Tunawa da Alhaji Aminu Ɗantata

Ranka ya daɗe shugaban taro, iyayenmu hakimai da dagatai, malamanmu, 'yan kasuwar Dutsin-Ma da na Kurfi da suka baro rumfunansu suka zo, ɗalibai maza da mata, ina yi muku barka da zuwa.

An ce in yi magana a kan Alhaji Aminu Alhassan Ɗantata, wanda Allah ya yi wa rasuwa ranar 28 ga Yuni, 2025, a Abu Dabi, yana da shekara 94. Tun daga ranar ake ta lissafa dukiyarsa da kyautarsa: sashen wankin ƙoda da ya gina a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da naira biliyan 1.5 da ya bayar lokacin ambaliyar Maiduguri a 2024. Duk gaskiya ne, Allah ya sa ya tarar a mizani. Ni dai abin da ya tsaya mini a rai wani lissafi ne daban. Mahaifinsa, Alhassan, ya rasu a 1955. Shi ya rayu kusan shekara 70 bayan haka, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa gidan bai watse ba.

Gidan ma ba baƙonmu ba ne. Agalawa ne, fataken da kakanninsu suka zauna a ƙasar Katsina kafin su gangara Madobi da Bebeji, inda aka haifi Alhassan a 1877. Da goro ya fara, yana bin hanyar Gwanja. Da jirgin ƙasa ya fara ɗaukar kaya daga Kano a 1912, Turawa suka buɗe baki suna neman gyaɗa, sai ya juya can, ya zama babban mai saya wa kamfanoninsu. Har yau ana ba da labarin raƙuma 20 da suka kai masa kuɗin azurfa banki, sa'ad da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano a 1929.

A wannan gida aka haifi Aminu ranar 19 ga Mayu, 1931, yana cikin ƙananan 'ya'yan. Ya yi makarantar Dala daga 1938 zuwa 1945. A 1948, yana ɗan shekara 17, aka sa shi sayen amfanin gona. Ɗalibai, ku lura da nan. Ɗan attajirin da ya fi kowa kuɗi a ƙasar, gaban sikeli aka fara tsayar da shi, yana duba buhu ko an cusa tsakuwa, yana ciniki da manomi a kan sisi da taro. A 1955 aka ba shi riƙon harkar kamfanin mahaifinsa a Sakkwato. Wansa Ahmadu, wanda ya riƙe kamfanin bayan mahaifinsu, ya rasu a 1960, nauyin ya faɗo kan Aminu yana ɗan shekara 29.

To, mu dawo gida. Wane ne a cikinmu bai san yadda labarin yake ƙarewa a kasuwanninmu ba? Na san wani bawan Allah a wannan yanki namu, dillalin hatsi, yana da sito uku da babbar mota biyu. Sallar azahar ba ta wuce shi a sahun farko, ba a taɓa jin ya tauye mudu ba. Ya rasu ya bar mata uku da 'ya'ya fiye da ashirin. Kafin a yi shekara biyu an sayar da motocin don a raba kuɗin, sito ɗaya ya koma ɗakin haya, ɗaya aka datsa shi da bulo saboda 'yan ɗakin nan ba sa magana da 'yan ɗakin can. Masu kawo masa gero daga ƙauye suka nemi wani ubangidan. Littafin bashi kuwa ba a same shi ba, domin a kansa yake, kan kuma yana kabari.

Kada wani ya fita ya ce malamin nan ya soki rabon gado. Haƙƙi ne da Allah ya yanka da kansa, ba mai taɓa shi. Dukiyar Alhassan ma bisa shari'a aka raba ta. Amma fitar wa kowa da rabonsa daban ne, fasa tukunyar da ake dafa wa kowa daban ne. Ana iya ƙimanta sito da mota, kowane magaji, mace da namiji, ya san kasonsa a rubuce, sannan waɗanda suka yarda su bar nasu cikin jari a ci gaba da juyawa, a raba riba. Malamanmu suna nan, sun san babin tarayya a fiƙihu. Abin da ya taimaki gidan Ɗantata shi ne akwai kamfani mai suna da rajista, Alhassan Dantata and Sons, da akawu da littattafai, tun mai gidan yana raye. Da ya faɗi, akwai abin da za a riƙe.

Riƙon kuma ba zama ba ne a kan abin da aka tarar. Dattawan da ke nan sun ga zamanin da gyaɗa da auduga suke yi wa manomin Katsina aure da rufin kwano. Sun kuma ga farin 1973 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975, dalar gyaɗa ta Kano ta zama tarihi. Da Aminu ya rungume buhu ya ce sana'ar ubansa ce, da tare suka tafi. Tun farkon shekarun 1960 ya shiga kwangilar gine-gine, ya yi aiki a makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna da makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya. Daga baya ga harkar mai, ga hannunsa a kafuwar bankin Jaiz marar kuɗin ruwa.

Na hango wani ɗalibi can baya yana murmushi, na kuma san abin da zai tambaya: wanda ubansa ya kai raƙuma 20 banki, ina abin mamaki? Tambayar tana da ƙarfi. Na ƙara maka da cewa ya yi kwamishina a gwamnatin Audu Bako daga 1968 zuwa 1973, kuma kusanci da hukuma ba ya cutar da ɗan kwangila. Ba da hannu wofi ya fara ba. Sai dai Kano ta yi attajirai da yawa a zamanin Alhassan, masu raƙuma da fatake. Nemi gidajensu yau ka ƙirga nawa ne suka kai jika da jarinsu. Wannan gida kuwa har ta wajen 'ya'ya mata ya yi rassa: mahaifiyar Aliko Ɗangote 'yar Alhaji Sanusi ce, wan Aminu.

Tsawon rai kuma yana da nasa haraji. A ƙarshen 2022, da Kashim Shettima ya kai masa ziyara, dattijon ya faɗi maganar da ta zaga ƙasa: ya daina jin daɗin duniya, sa'o'insa duk sun tafi, da ƙyar zai ƙirga goma da suka rage, fatansa kawai ya cika da imani. Watanni kaɗan bayan haka, a Afrilun 2023, matarsa Hajiya Rabi ta rasu a Saudiyya, aka binne ta a Madina. Ya binne iyaye, ya binne yayye, ya binne 'ya'ya, yana nan a unguwar Koƙi ana kawo masa ƙarar 'yan uwa da ɗaurin auren jikoki.

Da nasa lokacin ya zo, Kano ta yi masa sallar ga'ib, domin gawar ba ta dawo gida ba. Burinsa a kai shi Madina, hukumomin Saudiyya kuma suka amince. Ranar 1 ga Yuli, 2025, aka yi masa salla a Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka sa shi a maƙabartar Baƙi'a, a garin da matarsa take kwance. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan namu iyayen.