Gawar baƙo da zoben toka



A Suwizalan akwai wani kamfani, Algordanza, da aka kafa a 2004. A ƙona mamaci, a kai musu kusan rabin kilo na tokarsa, su tace sinadarin gawayin da ke ciki, su matse shi cikin zafi mai tsanani har ya zama daimon. Sai matar ta sa mijinta a zobe. Wallahi ba tatsuniya ba ce.

Ka ce me ya shafe ka? A nan Zangon Kumasi in ajali ya zo, wanka ne da likkafani da salla, a kai mutum makabartar Tafo, galibi ran nan. To amma sai in an san ko wane ne. Kai da ka shigo da shanu ta Paga, ke Hajiya mai sarin goro, in mota ta faɗi da ku, wa zai neme ku? Gawar da ta daɗe a mutuware ba mai ita, hukuma kan haɗa ta da wasu a rami guda. A wasu biranen Amurka ma ƙonawa ake yi, ga shi 'ya'yanmu na can.

Don haka rubuta sunanka, da garinku, da cewa kai Musulmi ne, da lambar mai masaukinka. Naɗe takardar a leda, ka sa a aljihun ciki. Kada ka dogara da waya, ita ce ke fara ɓacewa a wurin haɗari.