Lambar da Ke Jikin Zarto

 Yau za mu yi magana a kan yankan ƙarfe, da amfanin karatu a maƙera.

Kun san alminiyam, farin ƙarfen nan da ake yin tukwane da ludaya da shi. A da yana da tsada ƙwarai. A 1886 aka gano hanyar fitar da shi da wutar lantarki, a Amurka da Faransa, daga nan ya yi araha. Nauyinsa wajen sulusin na baƙin ƙarfe ne, kuma yana da taushi.

To, taushin nan shi ke ruɗin mutane. Mutum ya sayo sandan alminiyam mai kaurin inci 2, ya ɗauki zarto ya yi ta gurza. Garin ƙarfen ya liƙe a haƙoran zarto, zarto ya daina ci. Sai ya danna da ƙarfi, zarto ya karye, ya tsaga masa hannu. Ga asarar kuɗi, ga rauni, ga damina ta zo ba hannun riƙe fartanya.

Ku lura, yawancin zarto akwai lamba a jikinsa: 14, ko 18, ko 24, ko 32. Ita ce yawan haƙora a inci ɗaya. Mai 32 haƙoransa ƙanana ne, na yankan kwano ne da siririn bututu. Mai 14 haƙoransa manya ne, gari yana samun wurin fita. Shi ne na sanda mai kauri. In kun je kasuwar Sabon Birni ko Isa, ku karanta lambar da idonku kafin ku biya.

Ga yadda ake yi. A auna tsawon da rula. A naɗa takarda a jikin sandan, bakinta ya haɗu daidai, a bi bakin da fensir. A matse sandan tsakanin katako biyu kada ya motsa. A ɗaura zarto haƙoransa na duban gaba, don a wajen turawa yake ci. A ɗiga kananzir kaɗan a kan zanen, amma nesa da wuta. In an ci kaɗan, a juya sandan, a ci gaba, har a kewaye shi. Sannu ba ta hana zuwa. In ya kusa rabuwa a sassauta hannu. Daga baya a goge bakin da magagari.

Kada a hura garin da baki, yana faɗawa ido. A share da tsintsiya, a kori yara daga wurin.

Gobe in Allah ya kai mu, duk mai zarto a gida ya zo da shi aji. Za mu karanta lambarsa tare, kowa ya rubuta ta a allonsa.

Allah ya ba mu sa'a, amin.