Matan Afganistan a Peshawar: Sana'ar Da Ta Tsallake Iyaka

Yau za mu leƙa birnin Peshawar na ƙasar Pakistan, mu ga yadda 'yan gudun hijirar Afganistan suka rayu a can.

Tun da sojojin Tarayyar Sobiyat suka shiga Afganistan a watan Disamba na 1979, miliyoyin mutane suka bar gidajensu. Da yawa suka nufi Peshawar, saboda tana kusa da iyaka, kuma yaren Fashto ake yi a ɓangarorin biyu. Baƙo kan sauka wurin ɗan garinsu, shi zai nema masa ɗaki, ya haɗa shi da mai ba da aiki. Idan rigima ta tashi, dattawa su zauna su sasanta. Maza suka kama dako, tuƙi da ƙananan kasuwanci, har aka riƙa kiran wata kasuwa, Board Bazaar, da suna Ƙaramar Kabul.

To matan fa? Yawancinsu a cikin gida suke, kamar ku. Matan ƙabilar Turkumen na arewacin Afganistan sun zo da saƙar darduma. Ɗan kasuwa ya kawo zaren ulu da zanen da yake so, uwa da 'ya'yanta su zauna gaban masaƙa suna ƙullawa zare bayan zare. Babbar darduma ɗaya takan ci watanni. Ladan ba shi da yawa, riba mai tsoka ta dillali ce, ga ciwon baya da na ido. Amma da wannan aka ciyar da marayu, aka biya haya.

A watan Oktoba na 2023 gwamnatin Pakistan ta umarci baƙi marasa takardu su fice, a 2025 kuma umarnin ya kai ga masu katin rajista. Dubban ɗaruruwa suka koma, ciki har da waɗanda a Pakistan aka haife su. Shago ba ya ɗaukuwa, gidan haya ma haka. Abin da mace ta iya da hannunta kuwa, ya bi ta.

Don haka 'yar'uwa, kada ki raina ɗinkin hula ko saƙar da kike yi a ɗaki. Ki koya wa 'yarki, ki san farashin kayanki a kasuwa, ki kuma riƙe zumunci. Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Sai mako mai zuwa.