TARIN DA BAI JI MAGANI BA
Jawabi a kan sankarar huhu a cibiyar yaƙi da jahilci ta Icirnawa

Bayan an kammala aikin gona, cibiyar yaƙi da jahilci ta Icirnawa, cikin ƙasar Kance, ta gayyaci wani majo daga Matamaye domin ya yi wa ɗalibai bayani a kan cututtukan ƙirji. An taru bayan sallar la'asar, maza gefe guda, mata gefe guda. Majo ya gai da maigari da liman da sauran jama'a, sannan ya fara. Ga abin da ya faɗa, domin ɗaliban sauran cibiyoyi su karanta su amfana.

Mene ne sankarar huhu?

Majo ya ce kowane mutum yana da huhu biyu cikin ƙirjinsa, ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Aikinsu shi ne karɓar iska mai kyau su ba jini, su fitar da iskar da ta gama aiki. A kwana ɗaya mutum yana numfashi kamar sau 20.000. Duk abin da ke cikin iskar da ya shaƙa, ƙura ko hayaƙi, huhu ne masaukinsa.

Ya ce jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Kowace ƙwaya tana da ƙa'idar girmanta. Wani lokaci sai wata ƙwaya ta lalace, ta yi ta haihuwa babu tsayawa, har ta zama kulu. Kulun ya toshe hanyar iska, ya ci naman da ke kusa da shi, daga nan ya bi jini ya tafi ƙashi ko hanta ko ƙwaƙwalwa. Wannan ita ce sankara. Wasu na ce mata ciwon daji, wasu na ce mata kansa.

Ya ja hankalin jama'a a kan abu uku. Sankara ba sammu ba ce. Ba aikin iskoki ba ne. Kuma ba a ɗaukarta daga mutum zuwa mutum. Wanda ya ci tuwo ƙwarya ɗaya da mai ita ba zai kamu ba. Saboda haka bai kamata a guji maras lafiya ba.

Yawanta a duniya da a Nijar

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake kira OMS, ta ƙidaya cewa a shekarar 2022 mutum kusan miliyan 2 da rabi suka kamu da sankarar huhu, kuma kusan miliyan 1 da dubu 800 suka mutu da ita. Babu wata sankara da ta kai ta kashe mutane a duniya.

A Nijar, tun 1992 ake da littafin rubuta masu sankara a Yamai. A cikinsa sankarar nono da ta bakin mahaifa ne suka fi yawa ga mata, ta hanta kuma ga maza. Ta huhu ba ta kai su ba. Majo ya ce akwai dalili. Kusan rabin mutanen ƙasar nan ba su kai shekara 15 ba, ita kuwa sankarar huhu ta fi kama wanda ya haura shekara 50. Amma ya ce akwai wani dalilin da ya kamata a yi tunani a kai: littafi ba ya rubuta sai wanda ya je asibiti aka gane cutarsa. Dattijon da ya yi wata takwas yana tari a ɗakinsa har ya cika, aka ce ajali ne, shi babu wanda ya ƙidaya shi.

Yadda aka gano laifin taba

Majo ya ba da labarin wasu masu bincike biyu na ƙasar Ingila, Richard Doll da Bradford Hill. A zamaninsu sankarar huhu ta yi ta ƙaruwa, mutane suna ta zargin hayaƙin motoci da kwaltar hanya. Sai suka shiga asibitocin birnin Landan suna tambayar marasa lafiya yadda suke zaman duniya. A 1950 suka bayyana abin da suka samu. Cikin maza 649 masu sankarar huhu, mutum 2 kaɗai ne ba su shan taba. Shi kansa Doll mashayi ne a da. Da ya ga abin da lissafi ya nuna, sai ya daina.

Ba su tsaya nan ba. Daga 1951 aka bi rayuwar likitoci maza fiye da 34.000 har shekara 50. Aka gano cewa wanda ya yi ta shan taba har ƙarshe yana rasa kamar shekara 10 na rayuwarsa in an gwada shi da wanda ba ya sha. Aka kuma gano abin farin ciki: wanda ya daina yana ɗan shekara 40 yana tsira da kamar shekara 9 daga cikinsu, wanda ya daina a 50 kamar shekara 6, wanda ya daina a 60 kamar shekara 3.

Yau an san cewa cikin masu sankarar huhu 100, kamar 85 taba ce sanadi. Hayaƙin sigari yana ɗauke da guba iri iri, kuma kamar 70 daga cikinsu suna haddasa sankara. Lofe da taba naɗin hannu duk haka suke. Shishar da samari suka koyo a birni ita ma haka take, ruwan da ke cikin tulunta ba ya wanke guba. Taba gari da ake sawa a baki ba ta shiga huhu, amma tana kawo sankarar baki da ta maƙogwaro.

Wanda ba ya sha fa?

A nan wata dattijuwa ta ɗaga hannu ta ce: "Majo, mu mata ba mu shan taba. Ashe mun tsira ke nan?"

Majo ya ce: "Inna, da sauran magana." Ya bayyana cewa matar mashayi da ƴaƴansa suna shaƙar hayaƙin da ya busa cikin ɗaki, kuma wannan hayaƙin yana cutarwa. Bayan haka akwai hayaƙin murhu. Mace tana wuni a gaban wutar kara da itace da kashin shanu, goyo a baya, shekara da shekaru. Lokacin sanyi kuma a hura wuta cikin ɗaki a rufe ƙofa. OMS ta ce hayaƙin cikin gida ya kashe mutum fiye da miliyan 3 a duniya a shekarar 2020. Mafi yawansu ciwon zuciya da shanyewar jiki da ciwon haƙarƙari ne suka kashe su, amma akwai masu sankarar huhu a cikinsu.

Ya ƙara da maganar masu tafiya ci-rani. Tun da aka ga zinariya a Jado a 2014, samari da yawa ke zuwa arewa haƙar ma'adini. Ƙurar dutsen da ake fasawa tana taurara huhu, kuma tana ƙara hatsarin tarin fuka da sankara. Mai wannan aiki, in ya haɗa da sigari, ya tara wa huhunsa kaya biyu.

Sankara ko tarin fuka?

Majo ya ce nan ne matsalar take a ƙauyukanmu, domin cututtukan biyu suna kama da juna. Duka biyun suna kawo tari mai daɗewa, da kaki mai jini, da ciwon ƙirji, da rama, da kasala. Amma tarin fuka ƙwayar cuta ce ke kawo shi, ana ɗaukarsa ta iska, kuma yana warkewa da magani na wata 6 wanda ake bayarwa kyauta. Sankara kuwa maganin tarin fuka ba ya yi mata kome.

Ya kawo misali da mutum biyu. Na farko ya fara tari bayan girbi. Ya sayi ƙwayoyi a kasuwa, ya sha saiwoyi, ya sayar da akuya ya kai wa mai magani. Da damina ta faɗi ya kasa ɗaga hauya, sannan aka ɗora shi a amalanke zuwa likita. A lokacin ciwon ya riga ya bazu. Na biyu ya je likita da tarin ya kai sati biyu. Aka auna kakinsa. Aka ba shi magani, bai ji sauƙi ba, sai ya koma ya faɗa. Aka tura shi gaba aka ɗauki hoton ƙirjinsa tun yana da ƙarfi.

Saboda haka ya ce a riƙe waɗannan alamu:
1. Tarin da ya wuce sati 2.
2. Jini cikin kaki, ko kaɗan ne.
3. Dushewar murya da ta ƙi wucewa.
4. Haki daga ɗan aiki kaɗan.
5. Rama babu dalili.

Duk wanda ya ga ɗaya daga cikinsu ya je likita mafi kusa. In an auna kaki ba a ga tarin fuka ba amma tari bai tsaya ba, ko kuwa an sha magani wata biyu babu sauƙi, kada a zauna gida. A koma a gaya wa majo, a nemi takardar zuwa asibitin Matamaye ko babban asibitin Damagaram.

Awo da magani

Ya ce matakin farko shi ne hoton ƙirji. In an ga wani abu, sai a yi hoto da babbar na'ura mai suna sikana, wadda ke nuna cikin huhu dalla dalla. Amma tabbaci ba ya samuwa sai an ɗebo ɗan nama daga kulun an duba shi da madubin likita.

A ƙasashe masu hali ana auna tsofaffin mashaya tun ba su fara jin ciwo ba. A Amurka an gwada wannan da mutum fiye da 53.000, kuma a 2011 aka bayyana cewa awo da sikana ya rage mutuwa da sankarar huhu da kashi 20 cikin 100. Wannan awo yana da tsada, kuma yana bukatar na'urori da ƙwararru masu yawa. A karkara abin da ke hannun kowa shi ne lura da alamu da saurin zuwa likita.

Hanyoyin magani manya uku ne. In kulun ƙarami ne bai bazu ba, ana yin aikin fiɗa a cire ɓangaren huhun da ya kamu, kuma mutum yana iya rayuwa da sauran. Akwai magani mai ƙarfi da ake sawa ta jijiya. Akwai kuma ƙona kulun da hasken wata na'ura. A da sai an fita ƙasar waje ake samun wannan na uku. Daga 2021 aka fara yin sa a Cibiyar Yaƙi da Sankara ta Ƙasa da ke Yamai.

Majo bai ɓoye gaskiya ba. Ya ce sankarar huhu, in ta bazu, da wuya ta warke, ko a Turai. Amma ko a nan akwai abin yi: maganin rage zafi, da cire ruwan da ya taru a ƙirji, da kulawar dangi. Ya roƙi jama'a kada su sayar da gona saboda wanda ya yi musu alkawarin warkarwa cikin kwana bakwai.

Lissafin kuɗin taba

Daga nan majo ya karɓi alli daga hannun malamin cibiya ya ce a yi lissafi tare. A ce karan sigari ɗaya dala biyar ne, wato 25 F. Mutum yana shan kara 10 a yini.
A yini: 25 x 10 = 250 F.
A wata: 250 x 30 = 7.500 F, jika bakwai da rabi.
A shekara: 250 x 365 = 91.250 F, jika 91 da dala hamsin.

Ya tambaya: buhun hatsi nawa wannan kuɗi zai saya da kaka? Tunkiya nawa? Ɗalibai suka yi ta lissafi a allunansu, wasu suka yi shiru.

Wani magidanci ya ce: "Majo, shekarata 30 ina sha. Ai aikin gama ya gama."

Majo ya ce: "Malam, bai gama ba." Ya tuna masa da lissafin likitocin Ingila. Ya ce wanda ya yi shekara 10 da dainawa, hatsarin sankarar huhu gare shi yana raguwa da kusan rabi. Kwanakin farko ne masu wuya, domin jiki ya saba. Mutum zai ji fushi da rashin barci, amma cikin ƴan makwanni abin yana lafawa. Ya ba da shawara: a sa rana, a gaya wa iyali da abokai, a jefar da sauran kwalin, a nisanci majalisar mashaya na ɗan lokaci. Wanda ke yini babu taba cikin azumi ya riga ya san yana iyawa. Wanda ya koma sha bayan ya daina, ya sake gwadawa, domin da yawa sai a karo na uku ko na huɗu suke cin nasara.

Abin da gari zai iya yi

Majo ya tuna wa jama'a cewa Nijar ta shiga yarjejeniyar duniya ta yaƙi da taba a 2005, kuma a watan Mayu na 2006 aka kafa dokar da ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a, ta hana tallarta, ta hana sayar da ita ga yara. Ranar 31 ga Mayu ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da taba a duniya. Amma ya ce doka ba ta shiga zaure sai maigida ya shigar da ita.

Ya nemi abu huɗu. Kada a aiki yaro sayen sigari, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kada a sha taba cikin ɗaki ko kusa da mai ciki da yara. A yi girki a fili ko a madafa mai taga, da busasshen itace da murhun da ke rage hayaƙi. A ƙarshe, wanda ya ji maƙwabcinsa yana tari dare da rana ya raka shi likita.

Maigari ya yi godiya, liman ya yi addu'a, aka watse.

Tambayoyi domin tattaunawa a cibiyoyi
1. Mene ne bambancin tarin fuka da sankarar huhu?
2. Tari ya kai sati nawa kafin a je likita?
3. In mutum yana shan kara 5 a yini, nawa yake kashewa a shekara?
4. Me garinku zai yi domin rage hayaƙi a ɗaki da madafa?