Manomin Kankana da Katangar Martinsville

Filin tseren Martinsville da ke jihar Virginia ta Amurka bai kai kilomita guda ba, mita 847 ne kacal, shi ne mafi gajarta a babbar gasar motoci ta NASCAR. Tun 1947 ake kece raini a cikinsa. Zagaye har 500, kwana mai tsanani, birki ya yi jajir kamar garwashi, motoci na gugar juna kamar awaki a ƙofar garke. Wanda ya ci, agogo ake ba shi, dogo, ya fi mutum tsayi.

Ranar 30 ga Oktoban 2022, Christopher Bell ne ya lashe tseren da aka yi a filin, amma ba shi ake tunawa ba. Ross Chastain, ɗan gidan manoman kankana daga Florida, yana na goma a zagayen ƙarshe. Da ya iso kwana, maimakon ya taka birki sai ya manna motarsa da katanga, ya take totur har ƙasa. Gefen motar na ragargajewa, ya wuce motoci biyar, ya fitar da direba Denny Hamlin daga neman kambun gasar. Chastain ya ce a wasan bidiyo ya koya yana yaro.

Ganganci ne, ko da ya burge. A farkon 2023 NASCAR ta haramta dabarar.